Tururuwa, Wanzami da Mahauci

A cikin ƴan komatsan da aka yarje wa ɗan zuhudun addinin Budda ya mallaka, bayan mayafai uku da ƙwaryar bara da aska da allura da ɗamara, akwai ƙyallen tace ruwa. Wanda ya ji haka zai ɗauka zancen tsabta ne kurum. Tsabtar tana ciki, amma babban dalilin shi ne ƙananan halittun da ke yawo a ruwan, kada a haɗiye su su mutu a banza. Haka kuma da damina, wata uku cur, ƴan zuhudun kan zauna wuri guda ba su tafiye-tafiye, domin tun zamanin Budda mutane sun yi ƙorafin cewa suna tattake shuka da ƙwari a kan hanya. Har gobe ana kiyaye wannan zama a Tailan da Siri Lanka da Miyanma.

Mutanen da suka damu da ran abin da ido ma da kyar yake gani, yaya za su kasance da ɗan'uwansu mutum? Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a kai ke nan, kuma amsarta ba ta zo da sauƙin da ake zato ba.

Bari mu fara da tushen. Siddatta Gotama, wanda aka fi sani da Budda, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, ɗan gidan sarautar ƙabilar Sakiya, ya kuma yi koyarwarsa a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Koyarwar tasa daga wahala ta faro. Hujjarsa a kan kisa gajera ce, yaro ma zai gane ta: yadda kake gudun ciwo, kake ƙyamar mutuwa, haka kowane mai rai yake, saboda haka ka auna da kanka. Ka'ida ta farko cikin biyar ɗin da kowane mabiyi ke ɗauka ita ce barin kashe rai, kuma kalmar da aka yi amfani da ita tana nufin duk wani mai numfashi. Ba a ware mutum daban ba. A kan wannan sai aka ɗora imani da sake haihuwa: tunda rai yana ta zagayawa tun fil'azal, wani lokaci mutum, wani lokaci dabba, da wuya ka haɗu da halittar da ba ta taɓa zama uwarka ba a wata rayuwa. Ko mutum bai yarda da sake haihuwa ba, zai iya ganin aikin da wannan tunani yake yi. Yana rushe katangar da ke tsakanin "namu" da "nasu". Akuyar da ke ɗaure a turke ta zama dangi.

Wani malami mai suna Buddagosa, wanda ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5 na Miladiyya, ya tsara yadda ake horar da zuciya a kan wannan. Ka fara yi wa kanka fatan alheri, sannan masoyinka, sannan wanda ba ruwanka da shi, daga ƙarshe maƙiyinka. Ya kuma kawo wani gwaji mai firgitarwa. Ku huɗun nan kuna zaune, sai ƴan fashi suka zo suka ce a ba su mutum ɗaya su yanka. In zuciyarka ta nuna maƙiyin, ka faɗi. In ta nuna baƙon, ka faɗi. Abin mamakin, in ka ce a ɗauke ka kai, nan ma ka faɗi, domin har yanzu kana fifita wani rai a kan wani. Sai ranar da ka kasa zaɓen kowa ne katangar ta rushe.

A nan nake ganin ya kamata a raba abu biyu da muke yawan haɗawa, wato tausayi da daidaito. Tausayi yana iya gangarowa daga sama. Attajiri yana tausayin almajiri ba tare da ya taɓa tunanin su ɗaya ne ba, har ma tausayin kan ƙara masa jin cewa shi na sama ne. Tausayin tururuwa kuwa ya fi kowanne arha, don tururuwa ba za ta taɓa neman auren ƴarka ba, ba za ta zauna a tabarmarka ba. Daidaito shi ne mai tsada, domin sai ka biya da girman kanka.

Labarin da ya fi nuna cewa Budda da mutanensa na farko sun fahimci wannan shi ne na Upali wanzami. Indiyar wancan zamani a rarrabe take bisa haihuwa: Barahman masu addini, sai sarakai da mayaƙa, sai ƴan kasuwa da manoma, sai barori, kuma wanzami yana can ƙasa. Littafin dokokin ƴan zuhudu ya ba da labarin wasu ƴaƴan sarautar Sakiya su shida, cikinsu har da Ananda da Anurudda, da suka bar gida don su bi Budda. Da suka yi nisa sai suka tuɓe kayan adonsu suka ba wanzaminsu Upali, suka ce ya koma ya ci moriyarsu. Upali ya yi tunanin in ya koma da kayan za a ce shi ya hallaka iyayen gidansa. Ya rataye ƙunshin a bishiya, ya bi bayansu. Da suka isa, ƴaƴan sarakin da bakinsu suka roƙi a fara shigar da wanzamin kafin su. Dalili kuwa, a cikin jama'ar ƴan zuhudu girma yana bin ranar shiga ne, wanda ya riga ka ko da sa'a guda ne kai za ka durƙusa ka gaishe shi. Sun san girman kan gidansu, sun kuma san maganinsa ke nan. Daga ranar nan har ƙarshen rayuwarsu, su ne masu gaida mutumin da ya saba yi musu aski. Upali ya zama wanda ya fi kowa sanin dokokin, kuma bayan rasuwar Budda shi aka zaunar a taron Rajagaha ya karanto su.

Duk wanda ya san yadda ake kallon asali da sana'ar gado zai san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai daidaiton yana da iyaka tun farko. A cikin gidan zuhudu yake, bai fito ya rushe tsarin gari ba. Bawa ba ya shiga sai ubangijinsa ya ƴanta shi. Mata sun samu shiga, wanda Mahapajapati, matar da ta reni Budda, ta nema ta nace, amma da sharuɗɗa takwas, na farkonsu cewa macen da ta shekara ɗari a zuhudu ita za ta gaida namijin da ya shiga yau. Wato ka'idar da ta ɗaga wanzami ba ta ɗaga mace ba. Wasu masana na ganin daga baya aka cusa sharuɗɗan, amma dai an rayu da su ƙarnuka. A Siri Lanka ma, ƙungiyar zuhudu ta Siyam da aka kafa a 1753 ta taƙaita cikakkiyar shiga ga manyan asali, har sai da waɗanda aka rufe wa ƙofa suka tafi Bama suka samo tasu a farkon ƙarni na 19.

Na san mai karatu yana jira in ambaci Rohinja, mutane sama da 700,000 da suka tsere daga Miyanma zuwa Bangaladash tun watan Agustan 2017, da ƴan zuhudun da suka hura wutar ƙiyayya a kansu. Abin ya faru, kuma abin kunya ne. Amma hukuncinsa a fili yake: mutane ne suka take ka'idarsu ta farko da ƙafa, irin abin da mabiya kowace koyarwa suka taɓa yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne raunin da ya fito daga cikin tausayin kansa.

Ga yadda abin yake. Budda bai haramta wa ƴan zuhudu cin nama ba. Masu bara ne, abin da aka zuba musu a ƙwarya shi za su ci, muddin ba su gani ba, ba su ji ba, ba su kuma yi zargin cewa dominsu aka yanka dabbar ba. Da Dewadatta ya nemi a hana cin nama da kifi kwata-kwata, Budda bai amince a mai da shi dole ba. A gefe guda kuma, cinikin nama yana cikin sana'o'i biyar da aka ce bai kamata mabiyi ya yi ba, tare da cinikin makamai da na mutane da na kayan maye da na guba. To, ka haɗa biyun ka gani. Mai ci ya tsira, mai yanka ya ɗauki nauyi. Kasuwa tana son nama, amma zunubin naman a wuyan mutum ɗaya yake.

Masu kare wannan matsayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A wajen Budda, aiki niyya ne. Wanda ya ɗaga wuƙa shi ya ƙulla niyyar kisa a zuciyarsa, wanda aka miƙa wa tsoka ba shi da wannan niyyar. Ga mabaracin da bai zaɓi abincinsa ba, na yarda. Amma ga mai kuɗin da ke zuwa kasuwa kullum, hujjar ta yi sirara. Ya san in bai saya ba gobe za a rage yanka. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ina ganin zomon nan ya fi wasu malamai gane lissafin. Mabiya Budda na ƙasar Sin ma sun ga giɓin, shi ya sa ƴan zuhudunsu suka bar nama gaba ɗaya, musamman tun zamanin Sarki Wu na daular Liyang a ƙarni na 6. Shi kuwa Sarki Asoka na Indiya, wanda ya rungumi koyarwar bayan yaƙin Kalinga da shi da kansa ya rubuta a dutse cewa an kashe mutum 100,000 a cikinsa, daga kicin ɗinsa ya fara: ya sanar cewa yankan fadarsa ya ragu zuwa ɗawisu biyu da barewa ɗaya, su ma da niyyar dainawa. Ya sa an tanadi magani ga mutane da dabbobi, an haƙa rijiyoyi a bakin hanya. Ko ba komai, bai tura wa wani nauyin ba.

Inda aka tura nauyin, ga abin da ya biyo baya. A Lasa ta Tibet, inda ƙasa ba ta ba da ganye sosai kuma kowa na cin nama, yawancin fawa a hannun Musulmi take. A Japan abin ya fi muni. Tun 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a wasu watanni na shekara. Ƙyamar kisa ta addinin Budda ta haɗu da tsohuwar ƙyamar jini da gawa ta addinin Shinto, sai masu feɗe dabba da majema suka zama wani jinsi na daban. A zamanin Edo an killace su a unguwanninsu, ana kiransu da sunan da ke nufin ƙazanta mai yawa. Sarakuna na buƙatar fata don sirdi da sulke da ganga, amma ba a aurensu, ba a cin abinci da su. Wasu gidajen ibada har sunayen wulaƙanci suka riƙa sassaƙa musu a kan kabari. An soke matsayin a doka a 1871, amma a 1975 sai aka gano ana sayar wa kamfanoni da jerin sunayen unguwannin nan a ɓoye, don su tantance masu neman aiki. Jikokinsu, da ake kira Burakumin, sun daɗe suna fama.

Laifi tudu ne. Mu ma da muke cin tsire da kilishi muna santi, mun san gidajen da in ɗan mahauta ya zo neman aure sai a fara kame-kame, alhali babu wata koyarwa da ta ce mana yanka zunubi ne. Wannan ya sa ba na ɗora wa Budda laifin Japan gaba ɗaya. Son a ci moriyar aiki a kuma raina mai yinsa ya girmi kowace koyarwa. Abin da nake cewa shi ne, koyarwar da ta ce ran saniya yana da daraja ta ba wannan tsohon hali sabuwar riga, har mai raini ya riƙa jin cewa rainin nasa tausayi ne. Tunanin sakamakon ayyukan rayuwar baya ma ya taimaka: in an haife ka a gidan fawa, ai wani abu ka shuka.

Duk da haka, waɗanda aka fi dannewa ba su yar da koyarwar ba. A yammacin Indiya akwai Mahar, ɗaya daga cikin jinsunan da ake cewa ba a taɓa su, kuma cikin ayyukan gadonsu har da janye mushen shanu daga gari. A cikinsu aka haifi Bimrawo Ambedkar a 1891, wanda yana yaro a makaranta ba a barinsa ya taɓa tulun ruwa, ya girma ya jagoranci kwamitin da ya tsara kundin mulkin Indiya. A 1927 ya ja mutanensa zuwa wani tafki a garin Mahad suka sha ruwa a bainar jama'a, aka far musu da duka, daga baya masu garin suka yi bikin tsarkake tafkin. Ya shafe shekaru wajen ashirin yana nazarin addinai kafin ya zaɓa. Ranar 14 ga Oktoban 1956, a Nagpur, ya karɓi koyarwar Budda tare da dubban ɗaruruwan mutanensa. Bai ɗauke ta yadda ya same ta ba: ya ƙi fassarar da ke cewa ƙasƙancin haihuwa sakamakon laifin wata rayuwa ne, ya kama ɓangaren Upali ya riƙe. A cikin alkawura 22 da ya sa jama'ar suka ɗauka a ranar, akwai na yarda da daidaiton mutane, akwai kuma na tausaya wa duk mai rai, kowanne da lambarsa daban. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, kwana 53 bayan taron.