Gyara a Gidan Abincin Koriyawa: Kyauta ce ko Ciniki?

A unguwar New Malden da ke kudu maso yammacin Landan, inda Koriyawa suka yi kaka-gida, wani abokin aiki ya taɓa kai ni wani ɗan gidan abinci. Na nemi bibimbap, wato shinkafa da ganyaye da ƙwai. Kafin ta iso, sai uwargida mai wurin ta jera mana 'yan kwanuka shida, ciki har da tsiron wake da kimchi, wato kabejin da aka tsima da barkono. Na ce ta kwashe, domin ban nema ba, aljihuna kuma ba nauyi. Ta yi murmushi ta ce ai banchan ke nan, ba a biyan kuɗinsa, in ya ƙare ma a ƙaro. Kunya ta lulluɓe ni, domin na zarge ta da abin da ba ta nufa ba.

Abokina ya ce, "Malam, kada ka ruɗu, kuɗinsa na cikin farashin shinkafar." Maganarsa ba ta rasa madogara ba. Tun a 1925 masanin nan Bafaranshe, Marcel Mauss, ya nuna cewa kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa da ramawa. Mai hatsin da ya yi maka gyara bisa mudu, ai so yake gobe ka dawo. To, shin alherin da ke jiran riba ya cancanci sunansa?

A ganina ya cancanta. Lalle matar ta yi lissafinta, amma ba ta auna wa kowa rabonsa ba: mai ci kaɗan da mai neman ƙari sau uku kuɗinsu ɗaya. Ta ajiye mudu, ta dogara da kunyar baƙo. Ciniki yana tsayawa inda awo ya tsaya. Abin da ya haura nan amana ce. Ɗabi'ar tana da tushe, domin a Koriya dangi da maƙwabta kan yi gayyar haɗa kimchi kafin hunturu su raba, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2013.

Saboda haka nauyin ya koma kan mai ci. Wanda ya nemi ƙari ya bar shi a kwano a zubar, ya ci amana, ko da ya biya kuɗinsa cif. Ni dai ƙari ɗaya na nema a daren, kuma sai da na sauke kwanon tas.