Hukuncin Sabulun Aski Mai Kitse

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wanzamai suna yabon sabulun kitsen shanu saboda kaurin kumfarsa da santsinsa. Amma man kaɗanya da man ja da na kwakwa ba su gaza ba, muddin an iya haɗi.

Abin lura ga Musulmi shi ne asalin kitsen. Na dabbar da aka yanka mai tsarki ne. Na alade da na mushe najasa ne, ko da yake malaman Hanafiyya sun ce rikiɗewarsa zuwa sabulu tana tsarkake shi. Wanda ya yi shakka ya nemi na tsiro, domin ya tsaya salla hankalinsa kwance. Allah ne Mafi sani.