KALLO KO CI? TAMBAYA A KAN AYU

'Yan'uwana mata, yau hirarmu a bakin ruwa za mu yi ta. Wai shin duk halittar da ido ya gani ya yaba, dole ne sai hannu ya kai gare ta?

A can ƙarshen kudancin duniya akwai wata ƙasar ƙanƙara da ake kira Antatika. Duk shekara mutane na biyan kuɗi masu yawa su shiga jirgin ruwa kwana da kwanaki don su je can. In sun isa sai a sauke musu 'yan ƙananan kwale-kwale, su yini suna tuƙi a gefen gaɓa, suna kallon tsuntsaye da dabbobin ruwa waɗanda wasunsu sun fi giwa girma. An shar'anta musu kada su matsi dabba fiye da mita 5, kada su ba ta abinci, kada su ɗauko ko da gashin tsuntsu. Su kalla, su koma gida hannu rabbana.

Wata za ta ce, "Lallai waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa." Da gaskiyarta ta wani gefen. Manomin Yawuri da dorina ta kwana tana cinye masa shinkafa ba zai ga abin sha'awa a jikinta ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma mu fa, da ba abin da aka cinye mana?

Mu nan Manga tudu muke, sai dai ruwa bai yi mana nisa ba. A jiharmu ta Kebbi kogin Kwara ya ratsa Yawuri ya shiga tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968. A cikin wannan ruwa ayu take. Da yawanmu ba mu taɓa ganin ta ba, amma wace ce ba ta san man ayu ba? Kowace mai tallan kayan mata da shi take fara buɗe jaka.

To, bari ku ji wace ce ayu. Ba kifi ba ce. Ciyawar ruwa take ci, ba ta farautar kowa, takan leƙo sama ta shaƙi iska kamar mu. Cikinta yakan kai kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta shayar da shi nono, kuma sai bayan shekara 2 ko fiye ta sake haihuwa. Dabbar da ke haihuwa a hankali haka, in ana kashe ta da sauri, ai ƙarshenta ya zo. Shi ya sa dokar Nijeriya ta 1985 ta hana farautarta. Amma maharbi ba zai daina ba muddin akwai mai saye, mai sayen kuwa mu ne.

Ki duba wannan lamari da kyau, 'yar'uwa. Don ki riƙe mijinki, a raba uwa mai shayarwa da ɗanta? Gidan da aka nemi zaman lafiyarsa ta wannan hanya, ina albarkarsa? Mun sha ji a makarantar Islamiyya labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ashe dabba ma tana da hakki a kanmu.

Ni a ganina abin da waɗancan masu kwale-kwale suka dace da shi ba kuɗi ba ne, kamewa ce: ka so abu, ka bar shi a inda Allah Ya ajiye shi. Wannan kuwa ba sai da jirgi ba. In mai talla ta miƙo miki kwalbar, ki ce a kai kasuwa. In ɗanki ya ɗaga danƙo zai harbi belbela don wasa kawai, ki riƙe hannunsa, ki nuna masa yadda take bin shanu. Miji kuma, ladabi da tsafta da daɗin baki su ne ke riƙe shi.

Allah Ya ba mu ikon tausaya wa abin da ba shi da bakin kai ƙara, amin.