Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Jirgin Yaƙi Da Maganar Biyayya

A shekarar 2021, da labari ya fito cewa Rundunar Sojan Ruwa ta Nijeriya za ta kafa sansani a Kano, an sha dariya. Ana ta tambayar ko a dam ɗin Tiga za a ajiye jiragen, ko kuwa Jakara za a yashe musu. Shugaban rundunar a lokacin, Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano ne, don haka masu cewa son kai ne suka samu abin faɗa. Gwamnatin Ganduje ta ba da fili hekta 100 a Dawakin Tofa, tsakiyar gonakin gero da dawa, inda daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Abin da ya tsaya a wurin daga baya shi ne kwalejin da ake koya wa sojan ruwa sha'anin tanadi, wato yadda ake sayo abinci da mai da kayan gyara, a adana, a lissafa, a kai su inda jirgi yake tun kafin ya nema.

Ko shawarar ta dace ko ba ta dace ba, wannan na bar wa 'yan siyasa. Ni dariyar ce ta ja hankalina, domin ta nuna irin hoton jirgin yaƙi da ke cikin kawunanmu, kuma mu 'yan kallo mun san inda muka samo shi. A fim, jirgin yaƙi wuta ne da hayaƙi da kyaftin yana daka tsawa. Ba a nuna mana mai ƙirga buhunan shinkafa a sito. Alhali in aka ɗauki shekara guda cur ta rayuwar jirgi aka baje ta, harbi bai fi cikin cokali ba, wani lokacin ma shekarar ta ƙare ba a yi ko ɗaya ba sai na atisaye.

Ɗauki jirgin da ya fi kowane suna a ƙasar nan, wanda ma da Hausa aka raɗa masa suna: Aradu. Kamfanin Blohm & Voss ne ya ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125 da 'yan kai, ya ɗara filin ƙwallo, kuma mutanen da ke cikinsa sun kusa 200. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, a 2007 ya tsallaka Atilantika zuwa Barazil. Ya kuma shafe shekaru a ɗaure a Legas yana jiran gyara. (Af, ba shi kaɗai ba ne mai sunan Hausa. An yi Dorina, an yi Damisa, an yi Kyanwa, ga kuma Kada da ya iso a 2022. Ashe Bahaushe ya daɗe a teku, ko da a suna ne.)

To yaya shekara take a cikin irin wannan jirgi? In yana kan ruwa, babu dare babu rana. Tsohuwar al'adar sojan ruwa ita ce a yanka yini gida-gida, awa huɗu-huɗu, ana karɓa-karɓa: wasu suna ɗakin tuƙi, wasu a gindin inji, wasu suna kallon na'urar hango abin da ke nesa, saura suna barci da sanin cewa za a tashe su ƙarfe goma sha biyun dare ko huɗun asuba. Zaman ƙarfe huɗu zuwa takwas na yamma kuma sai a raba shi biyu, don kada mutum ɗaya ya dawwama a gadin tsakar dare kullum. Ka ga ko a nan an yi tunanin adalci. Kyaftin ne mai jirgi, amma mataimakinsa ne ke riƙe da harkar yau da kullum da ladabtarwa. Ƙarƙashinsu akwai sashen inji, sashen makamai, sashen tuƙi da sadarwa, da sashen tanadi, inda kuku da mai sito da mai biyan albashi suke. Ruwan sha daga na teku ake tace shi, don haka a ƙididdige yake. Gishiri yana cin ƙarfe ba hutu, shi ya sa kankare tsatsa da shafa fenti aiki ne da ba ya ƙarewa. Ka gama gaba, baya ta sake ja. Ana atisayen kashe gobara da na toshe ɓaraka har sai hannu ya iya ba tare da ya jira kai ba. Sannan a cikin shekarar akwai watannin da jirgin zai shiga ma'aikatar gyara, a yi ta kwance wannan ana ɗaura wancan.

Duk wannan a kan abu guda yake tsaye, wato biyayya. An ce tashi, ka tashi. An ce rufe wancan famfo, ka rufe, ba sai an yi maka bayani ba. Tambayar da nake so mu tauna, mai karatu, ita ce: me ya sa baligi mai hankali zai yarda ya yi shekara yana yin abin da wani baligi ɗan'uwansa ya ce? Halin kirki ne wannan, ko tsoro ne aka sa wa farin kaki?

Amsa mai sauƙi ita ce tsoro. Akwai horo, akwai kotun soja. Amma tsoro bai isa ya bayyana abin ba. Mutumin da ke duba zafin inji da ƙarfe uku na dare shi kaɗai ne, ba mai ganinsa. Yana iya rubuta lambar ƙarya a littafi ya koma ya jingina. Tsoro yana sa mutum ya yi aiki in ana kallo. Wanda ake yi ba a kallo kuwa, wani abu ne daban yake ɗauke da shi.

A ganina mutanen karkararmu sun san wannan abin tun kafin a ƙera Aradu, sunansa kawai ya bambanta. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta ko Dawakin Tofa ya san gandu. Ƙasa ce mai cunkoso, gona tana jikin gona, ba a barin fili ya huta, sai dai a yi ta zuba masa taki. A irin wannan wuri gida ba ya rayuwa sai da tsari. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna fita gonar uba da safe su yi aiki zuwa azahar, ba musu. Amma kowa ya san abin da ke wuyan maigida: shi zai ciyar, shi zai ba da iri da fartanya, shi zai yi wa yaro auren fari, shi ke biyan haraji kafin Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, kuma zai yanka wa kowa gayaunarsa da zai noma da yamma don aljihunsa. Ranar da maigandu ya fara sayar da hatsin rumbu yana ƙara aure alhali tuwon dare ya gagara, ba a yin taro a ce an rushe gandu. Sai dai ka ga wannan ya tafi cirani bai dawo da damina ba, wancan ya ce a ba shi nasa kason. Kuma in dattawan gari suka zauna, ba yaran kaɗai suke ba laifi ba.

Wato biyayya bashi ce mai baki biyu. Na ƙasa yana bin umarni domin na sama ya ɗauki nauyin cikinsa da lafiyarsa da mutuncinsa. Muna yawan cewa bin na gaba bin Allah, sai mu tsaya nan, kamar na gaban shi ba a bin sa komai.

Tarihin jiragen yaƙi ya tabbatar da haka fiye da yadda mutum zai zata. Duk mai son fim da gaske ya kamata ya nemi Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, wanda ya fito a 1925. Fim ne marar magana, baƙi da fari, amma har gobe ana koyar da yankan hoto da shi. Labarin ya faru da gaske a watan Yuni na 1905 a Baƙin Teku. Me ya tayar da boren? Nama. An kawo nama duk tsutsa, likitan jirgin ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, a wanke a dafa. Sojoji suka ƙi shan miyar, hafsoshi suka ɗauki ƙin cin a matsayin tawaye, aka fito da bindigogi, kafin a ankara an kashe kyaftin da wasu hafsoshi. Eisenstein ya matso da kyamara kan tsutsotsin nan ta cikin gilashin idon likitan, kuma a wurina wannan hoton ya fi shahararriyar fitowar matattakalar Odesa faɗin gaskiya. Mutanen nan sun jure sanyi da duka da ƙaramin albashi. Abin da ya gagare su haɗiya shi ne a dube su ido da ido a ce abin da suke gani ba shi ba ne.

Masu kallon finafinan Indiya kuma ga naku. A watan Fabrairu na 1946, shekara ɗaya da rabi kafin Indiya ta samu 'yanci, ƙananan sojan ruwa a sansanin Talwar da ke Bombay suka yi yajin aiki, abin ya bazu zuwa jirage da dama har Karachi. Siyasa ta shigo ciki, amma mafarin kukan shi ne mummunan abinci da zagin da hafsoshin Turawa ke yi musu. Ciki da mutunci, su ne dai.

Sai dai kada in sauƙaƙa abin ya wuce kima. In biyayya bashi ce, shin wanda aka ciyar da shi, aka biya shi, aka mutunta shi, ya zama dole ya aikata duk abin da aka ce? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski ke nan? Nan ne maganar take da ƙashi. A fim ɗin Crimson Tide na 1995, Gene Hackman ne kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin teku, Denzel Washington mataimakinsa. Umarni ya zo a harba makamin nukiliya, saƙo na biyu ya biyo baya amma ya yanke a tsakiya. Kyaftin ya ce a bi na farko, mataimaki ya ce sai an ji ƙarshen na biyu. Abin lura, mataimakin bai karya doka ba da ya ƙi. Dokar ce da kanta ta ce ba a harbi sai da yardarsa. Irin haka ta faru a zahiri ranar 27 ga Oktoba 1962 a kusa da Kyuba, cikin wani jirgin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet mai lamba B-59. Jiragen Amurka suna ta sako masa ƙananan bama-bamai don ya taso sama, na ciki suka zaci yaƙi ya ɓarke. Kamar yadda aka ruwaito, kyaftin ya so ya harba makamin nukiliya, wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi sa baki, aka fasa.

Mutane suna son wannan labari domin yana yi musu daɗi su ɗauki kansu Arkhipov. Ni kuwa ina ganin darasin ya fi haka nauyi. Wanda ake sauraron “a'a” ɗinsa a ranar tashin hankali shi ne wanda aka ga “to” ɗinsa a sauran kwanakin shekara, wanda bai taɓa makara a gadi ba, wanda aka san ba ragwanci ko neman suna ke sa shi magana ba. Mai gardama a kan kowane share-share da wanke-wanke, ranar da ya ga ramin gaske ba wanda zai waiwaya. Sannan tsarin kirki shi ne wanda tun farko ya tanadi kujerar mai cewa a'a, ya ba shi kariya. Duk da haka ban ce wannan ya warware komai ba. Da a ce yaƙin ya riga ya ɓarke a ranar, da wani suna tarihi zai kira Arkhipov da shi. Mai ƙin umarni yana yanke hukunci ne a cikin duhu, kamar mai ba da shi.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon zance a shafin fim shi ne, biyayya ita ce jigon rabin abin da muke rubutawa da ɗauka. Uba ya ce sai wane, yarinya ta yi kuka, ta bi, a ƙarshe ta ga alheri. Ko ta ƙi, ta ga bala'i. Ba kasafai kyamara ke juyawa ta tambayi uban ko ya sauke nasa nauyin ba. Balaraba Ramat Yakubu ta yi wannan tambayar a Wa Zai Auri Jahila?, shi ya sa littafin bai tsufa ba. Yawancinmu kuwa mun fi son biyayya mai baki ɗaya, don ita ce mai saurin sa 'yan kallo hawaye.

A bayan kyamara ma haka abin yake. Lokeshin ƙaramin jirgi ne: mutum talatin ko arba'in an kwashe su zuwa wani ƙauye, ba mai tafiya sai an gama, kowa da aikinsa. Na ga daraktan da ke son a ji tsoronsa kamar kyaftin, in ya ce “akshin” ko tari ba a yi. Amma ƙarfe huɗu na yamma ta yi, mai riƙe da fitila da yaron da ke jan waya ba su karya ba, jarumi kuwa an kai masa kaza cikin mota. Kuɗin sallama sai “in fim ya fita”. Gobe in yaron nan ya ga waya ta kusa tsinkewa ya yi shiru, a ce ba shi da tarbiyya.

Daga filin kwalejin nan ta Dawakin Tofa zuwa kasuwar Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ƙaramar hukuma ɗaya ce. Kullum manyan motoci suna lodin gero da masara da wake da riɗi suna yin kudu da arewa. Ina jiran furodusan da zai ɗauki yaro ɗan gandu daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, ya bi shi har Onne ta Jihar Ribas inda ake horar da kuratan sojan ruwa, ya sa shi a sashen tanadi na wani jirgi, ya ba mu shekararsa guda: gadin dare, fenti, layin abinci, wasiƙar gida da ke cewa damina ta kama ba mai taya Baba noma. Sai wata rana nama ya iso da wari, jirgi zai tashi da asuba, hafsan da ke samansa ya miƙo masa takarda ya ce sa hannu an karɓa lafiya.