Wanda Ya Sani Da Wanda Ya Aikata

Ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai: tsakanin wanda ya san da yawa ya aikata kaɗan, da wanda ya san kaɗan ya aikata iyakar saninsa, wa ya fi kusa da tsira?

Abin da ya jawo tambayar kuwa shi ne tunawa da kakar mahaifina, wadda muke kira Iya. Manomiya ce a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, Allah Ya yi mata rasuwa a 1985. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da gayaunarta ta gero da wake ta raine su har ta aurar da su. Karatunta bai wuce Fatiha da 'yan gajerun surori ba, amma ban taɓa ganin rana ta fito mata ba ta yi sallar asuba ba. In lokacin azahar ya yi tana gona, sai ta ajiye fartanya ta nufi butarta.

Da kaka, kafin dami ya shiga rumbu, sai ta ware ɗaya cikin kowane goma. Mu da muka yi karatu mun san zakkar hatsi ba ta wajaba sai ya kai awsuƙi 5, watau sa'i 300. Ita ba ta san wannan ba, sau da yawa ma amfaninta bai kai nisabi ba, amma tana fitarwa. Mahaifina ya ba ni labari, a farin 1973 maƙwabta da yawa a tukunyarta suka ci.

To, wata rana na dawo hutu daga makaranta, kaina ya cika da tajwidi, na ji ta tana karatu tana mai da "sadi" "sinun". Na yi dariya na gyara mata a gaban mutane. Ba ta yi fushi ba, sai ta ce, "Angona, zauna ka biya mini, Allah Ya yi maka albarka." Na biya sau biyu na ƙosa, na tashi na tafi wasa. Yau shekara da shekaru ina koyar da Larabci, amma har gobe kunyar wannan rana ba ta sake ni ba.

Kada wani ya ɗauka ina yabon jahilci ne. Neman ilmi wajibi ne a kan namiji da mace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta aika da jajis ƙauyuka su karantar da mata. Ashe ke nan gibin karatun Iya bashi ne a wuyan waɗanda suka sani suka ƙi zama da ita, har da ni.

Ilmi hujja ne, ko dai ya tsaya wa mai shi ranar Lahira, ko ya tsaya a kansa. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Iya ba ta taɓa karanta hadisin nan ba, amma ta yi rayuwarta tana aiki da shi. Ni na haddace shi da isnadinsa, wa ya ci daga hannuna?

Hukuncin wanda ya fi wani yana wurin Allah Shi kaɗai. Abin da ke kanmu shi ne, duk mai tsohuwa a gida ya zauna ya biya mata Fatiha cikin ladabi, shi kuma ya koyi aiki a wurinta, tun ƙasa ba ta rufe ido ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa iliminmu ya amfane mu, amin.