HUTU A TSIBIRI DA AMANAR RUWAN GORONYO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyinmu. Bukka ta itace da rufin ganyen kwakwa, gabanta farin rairayi, gaba da rairayin kuma teku shuɗi iya ganinka. Ba ƙarar mota, ba hayaƙin janareta. Mai bidiyon ya rubuta cewa yana wani tsibiri a Zanzibar ko Maldif yana hutawa. Mu kuwa da ke kallo daga Goronyo da Wurno da Rabah mun kasu biyu. Wasu da sun gani sai su ce haramun ne, almubazzaranci ne. Wasu kuma, musamman samari, sai rai ya ɓaci, ka ji yaro yana cewa shi kam an haife shi inda ba a jin daɗin duniya. Kowanne cikin biyun akwai abin da ya kuɓuce masa.

Mu fara da sanin abin, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba. Waɗanga masaukai ba irin otal-otal ɗin Abuja ba ne masu hawa goma. An gina su ne da sharaɗin kada baƙo ya ɓata wurin da ya sauka. Ga misali ɗaya. Kusa da birnin Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Cumbe. Ɗakunan baƙi bakwai ne kacal a cikinsa. Ruwan da baƙo zai yi wanka da shi ruwan sama ne da aka tara daga rufin ɗakinsa. Wutarsa ta sola ce. Ban-ɗakinsa ba ya zuba ƙazanta a teku, taki ake mayar da ita. Tun 1994 aka keɓe gefen tekun da duwatsun murjani suke, aka hana kamun kifi a ciki, masu gadin wurin kuma tsofaffin masunta ne na ƙauyukan yankin. Da kuɗin baƙin ake biyan su, har a kwaso 'yan makaranta a nuna musu halittun ruwa. Kuma akwai ɗan tsohon masallaci a tsibirin, kusa da hasumiyar haska wa jirage hanya da aka gina a 1904.

To mene ne hukuncin zuwa irin wanga wuri? Asalin tafiya don hutawa da kallon halittar Allah halal ne. Ku tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA) da Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya tarar da ɗan uwansa ya ɗora wa kansa azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa, sai ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa ma suna da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Wanda ya gaji ya huta bai yi laifi ba. Idan ya zauna bakin teku ya yi tunanin wanda ya shimfiɗa wagga ruwa ya riƙe ta ba ta haɗiye ƙasa ba, to hutunsa ma ya zama ibada.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, kuɗin su zama na halal, kuma ba wani haƙƙi da aka danne. Mutum ana bin sa bashi, ko mahaifiyarsa tana kwance ba kuɗin magani, ko bai fitar da zakka ba, shi wanga ba shi da ta cewa a maganar tsibiri. Na biyu, salla. Teku ba ya ɗauke salla. Ruwansa mai tsarki ne, ana alwala da shi, kifinsa halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana ƙasaru idan tafiyar ta kai kimanin kilomita 80, amma da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa. Na uku, bakin teku wuri ne da ake yawan tsiraici da giya, don haka mutum ya bincika kafin ya biya kuɗi, ya zaɓi inda idonsa da na iyalinsa za su tsira. Na huɗu, niyya. In ka kwana uku kana ɗaukar hoto don maƙwabcinka ya ji haushi, wallahi ba ka huta ba, gajiya ka sayo da zunubi.

Shi ke nan hukunci. Amma abin da ya fi damuna yana gaba.

Ita Maldif ɗin da ake ta nuna muna, ƙasar musulmi ce, tsibirai sama da dubu a Tekun Indiya, Musulunci ya kafu a can tun 1153. Ibnu Baɗuɗa ya yi alƙalanci a can wajen 1343, ya kuma ba da labarin wurin da ake haƙowa daga tekunsu, wanda daga baya ya gani ana ciniki da shi a Mali da Gao. Shi ne dai kuɗin wuri da kakanninmu suka yi saye da sayarwa da shi a kasuwannin daular Usmaniyya, ana ƙirga shi zambar-zambar. Kun ga ashe da daɗewa akwai igiya tsakaninmu da su. To mutanen wagga ƙasa yau cikin fargaba suke. Mafi yawan ƙasarsu ba ta fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba, teku kuma ƙaruwa yake yi saboda ɗumamar yanayi. A watan Oktoba 2009 shugabansu na lokacin, Muhammad Nashid, ya yi taron ministoci a ƙarƙashin ruwa don duniya ta ji kukansu. Kuma kusa da babban birninsu Male akwai wani tsibiri mai suna Tilafushi, wanda tun 1992 ake jibge shara a cikinsa, har da ta masaukan baƙi. Shi ba a nuna shi a bidiyo. Yaro, abin da waya ta nuna maka rabin labari ne.

Yanzu ku tsaya ku yi tunani. Me attajiri ke saye a tsibirin nan da dalolinsa? Gado? Yana da wanda ya fi shi a gida. Abinci? Kifi ne da shinkafa. Abu uku yake saye: ruwa mai tsabta, inuwa, da kwanciyar hankali. Su kuma masu wurin da me suka tsare waɗanga abubuwa har suka yi tsada? Da doka. Kada ka ɓarnatar da ruwa. Kada ka zuba ƙazanta a ciki. Kada ka sare itace. Ga yankin da ba a taɓawa.

Jama'a, wace ce baƙuwa a wurin musulmi cikin dokokin nan? Manzon Allah (SAW) da mudun Annabi ɗaya yake alwala, wato cikin tafi biyu, wanka kuma da sa'i ɗaya ko ɗan fiye. Ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ya tsoratar a kan yin bayan gida a hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Ya sanar da mu cewa musulmin da ya dasa itace yana da ladan sadaka a duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci. Keɓe yanki kuwa, shari'a tana kiransa hima: shi da kansa ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin musulmi, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. Abin da muke karantawa a zaure tun muna yara, shi wasu suka ɗauka suka yi aiki da shi, duniya tana biyan su kuɗi don ta je ta gani.

To mu fa, ina namu ruwan? Ga shi nan a bayan gari. Dam ɗin Goronyo da aka datse gulbin Rima da shi, an kammala shi a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, an gina shi don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Wanda ya tsaya a kan ganuwarsa da la'asar sakaliya, ya ga kwale-kwalen masunta suna dawowa, ya ga tsuntsaye jere a kan ruwa, ya san Allah bai manta da mu ba a rabon kyau. Da wanga ruwa ake noman rani, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama, daga Goronyo har fadamar Wurno. Daga gare shi birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. Tekun Zanzibar da duk kyansa ba a shayar da albasa da shi, ba a kuma kashe ƙishirwa da shi. Namu ana sha, ana noma, ana su. Wa ya fi wani samu?

Amma sau biyu wanga ruwa ya yi muna magana da babbar murya. A watan Satumba 2010 ya ɓalle, ya share ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har Kware da Wamakko, dubban mutane suka rasa muhalli, har gadar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tafi. A farkon 2018 kuma hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana cewa ruwan ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya kamata ya riƙe. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai ƙarancin damina ta 2017, da yashi da laka da suka taru a cikin dam. Ku je ku karanta ayar ƙarshe ta Suratul Mulk, ku ga tambayar da Ubangiji ya yi a kan ruwan da ya ƙafe, sannan ku tuna 2018. Ku karanta Suratu Saba'i ku ga mutanen da su ma dam gare su, a Ma'arib ta ƙasar Yaman, da lambuna dama da hagu, yadda rashin godiya ya mayar da gonakinsu wurin itatuwa masu ɗaci da 'yar magarya kaɗan. Ban ce waɗanda ambaliya ta shafa laifi suka yi ba, Allah ya kiyaye, jarrabawa tana samun na kirki. Abin da nake cewa shi ne godiyar ni'ima ita ce tsare ta.

Ita lakar nan daga ina take zuwa? Itace shi ke riƙe ƙasa da saiwoyinsa. In aka sare gawo da kirya da marke a bakin gulbi aka yi gawayi, ruwan farko na damina sai ya kwashe ƙasar ya kai ta cikin dam. Kowane buhun laka da ya shiga, ya kori buhun ruwa. Ga leda da muke watsarwa a kwata tana bin ruwa. Ga mai feshi da zai wanke tankinsa a inda mata ke ɗiban ruwa. Ga masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, su kashe uwa da ɗiya, su sayar wa musulmi guba. Ga raga mai ƙananan ido da ba ta barin ɗan tarwaɗa ya girma. Mai yin haka zai shigo masallaci ya tsaya a sahun gaba, bai san yana ɗauke da haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Sai abu na uku da attajiri ke saye, kwanciyar hankali. Nan kam zuciya tana karyewa. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba, inda aka kashe sama da mutum 40, Allah ya jiƙansu. Dajin Gundumi da ake kiwo da farauta a cikinsa ya zama wurin da ake tsoron ambato. Manomi ba ya iya kai yamma a gonarsa, balle a ce mutum ya kai iyalinsa bakin ruwa shan iska. A Suratu Ƙuraishin Allah ya haɗa ni'imar abinci da ta aminci wuri ɗaya, mu a wanga yanki mun fahimci dalili. Masu mulki su sani za a tambaye su a kan wannan kafin a tambayi talaka a kan leda. Mai kai wa ɓarayi labari ko mai ko abinci shi ma ya sani yana da kaso a kowane jini.

Don haka kowa ya ɗauki nasa. Alhaji mai hali, in za ka tsibiri ka je, Allah ya kiyaye hanya, ka kiyaye sharuɗɗan da muka faɗa. Amma ka buɗe ido ka ga yadda suke tsare wurinsu, ka dawo ka ware ko da kuɗin kwana ɗaya ka sayi dashe, ka biya yaran da za su shayar da shi har ya kama. Sarkin Ruwa da masunta, ku zauna ku keɓe inda kifi ke ƙwai, ku sa lokacin da ba a shiga, wagga ita ce hima. Manomi, ka bar itatuwan bakin gulbi, ka wanke tankin feshi nesa da ruwa. Uwa, ki koya wa yaro cewa bakin ruwa ba masai ba ne. Malaman zaure da na Islamiyya, in mun zo babin tsarki kada mu tsaya ga ruwan buta kawai, mu kai yara har gulbi da bayani. Hukuma kuma ta kwashe lakar dam, ta kula da ƙofofinsa, ta riƙa sanar da mutane kafin a saki ruwa.

Kai kuma saurayi mai kallon waya, ka daina raina inda Allah ya aje ka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk faɗin daular da ke hannunsa, Wurno ya zaɓa ya yi ribaɗi, a gefen wagga fadama ya zauna har ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ya Allah ka dawo muna da zaman lafiya a Goronyo da Wurno da Rabah da Isa da Sabon Birni da sauran ƙasarmu. Ka ba mu damina mai albarka, ka tsare mu daga ambaliya da fari. Ka sa mu cikin masu godiya da baki da aiki. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.