Mai Bi Da Aikin Hannunsa

Ya kai mai karatu, watakila tun kana yaro ka zauna kusa da ubanka a masaƙa, kana taya shi wadari, kana duban ƙoshiya tana kai da kawowa, har son abin ya kama zuciyarka. Ko kuwa ke ce, 'yar'uwa, wadda kakarki ta koya miki gurzar auduga da shiɓa, ta sa miki mazari a hannu da alli a yatsa. Yanzu da ka ji Bishara, kana tambaya a ranka, ko wannan ƙauna ta aikin hannu abin duniya ce wanda ya wajaba mai bi ya rabu da shi.

A'a, kada ka rabu da ita, gama Allah ne mai ba da gwaninta. A zamanin Musa mata masu hikima suka yi kaɗi da hannuwansu domin alfarwa ta sujada. Manzo Bulus kuwa maɗinkin tanti ne. A Koranti ya sauka wurin Akila da Biriskila domin sana'arsu ɗaya ce.

A ƙasarmu ma sana'ar nan ba ƙarama ba ce. Sa'anda Bature matafiyi, Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar fatake suna kai tufafin ƙasar har Timbuktu da ƙetaren hamada. Birnin Kudu da Gwaram kuwa cikin ƙasar Kano suke a lokacin nan. Amma a 1957 aka buɗe masaƙar inji a Kaduna, daga baya yadi mai araha ya cika kasuwa, masu saƙar hannu suka ragu ƙwarai. To, ta nan jaraba ke shigowa.

Kai ka san hanyarta, ba sai an faɗa maka ba. Ciniki ya yi wuya, hatsi ya ƙare a rumbu, sai zuciya ta ce, sa zare mai kyau a baki, ka ɓoye abawa marar ƙarfi a tsakiya. Ka sassauta bugun masefi domin zare ya yi auki, ka rage kamu kaɗan, wa zai auna? Marini kuma ya tsame zane tun baba bai kama ba, ya kai mabuga a buge shi har ya yi ƙyalli. Talaka ya zo kasuwar Sara da kuɗin da ya tara tun kaka, ya sayi gwadon domin auren 'yarsa. Wanki ɗaya, sai ga shuni cikin ruwa, saƙa ta buɗe. Ko da bai san sunanka ba, Ubangiji ya ga zaren nan tun ranar da ka ɓoye shi. Wannan sata ce, ko da dukan masaƙan unguwa suna yinta.

Ka tuna kuma idon maƙwabta yana kanka tun da ka bi Yesu. Da yawansu ba za su taɓa zuwa jin wa'azi ba, amma za su yafa zanenka. Akwai wata mai bi a Yafa, sunanta Dokas. Da ta mutu, gwauraye suka tsaya suna kuka, suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka tun tana tare da su.

Domin wannan, idan akwai aibi a saƙarka, nuna wa mai saye tun bai biya ba, ka rage masa kuɗi. Idan kuwa ka riga ka cuci wani, je ka same shi, ka mayar masa da abinsa, ko da kunya za ta kama ka. Kada kuma son aikin ya hana ka taron masu bi ran Lahadi; zare ba ya ruɓewa domin kwana ɗaya. In akwai maraya a unguwarku wanda ba shi da mai koya masa sana'a, kira shi ya zauna kusa da kai, ka fara nuna masa wadari.